Usur Ɗin Beppe Doutsen

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, shi ma a lungun da ba mai kallona. Sau bakwai ina fara wannan ina yagewa, domin duk lokacin da na rubuta "ni" sai hannuna ya ƙi tafiya. Saboda haka zan ce Rinskje, kamar wata ce daban. Wanda ya san ƙauyenmu zai gane, amma ina roƙonsa ya yi kamar bai gane ba.

Rinskje tana durƙushe a kan ganuwar teku tana sake ɗaure wa wani baƙo takalminsa, saboda ya yi masa ɗauri irin na zuwa ofis. Mutumin daga Rotterdam ya zo, ga tumbi, ga farin gajeren wando sabo fil.

"Ja da ƙarfi, Farfesa," in ji kakanta, Pake Gurbe, da sunan da yake tsokanarta da shi, yana dogare da doguwar sandarsa. "Taɓon nan ya ci takalman likitoci da na lauyoyi, har yau bai dawo da ko wari ɗaya ba. Kai kuma maigida, wa ya ce maka biki za mu?"

Baƙin suka bushe da dariya. Su ashirin da huɗu ne, har da wata mata da ɗanta mai shekara tara. Tumaki suna kiwo a bayansu. A gabansu teku ya janye, ya bar taɓo mai sheƙi har iyakar gani, can ƙarshe kuma ga tsibirin Ameland, inda za su taka da ƙafa, kamar an ja layi da fensir.

Pake ya yi musu bayanin da yake yi shekara arba'in da huɗu. "Ruwa ya ba mu aron ƙasarsa na awa uku da rabi. Ba ya ƙara wa kowa minti ɗaya, ko sarki ne. Ni ne a gaba, ba mai wuce ni. Wytske ce a baya, ba mai bari ta wuce shi. Akwai rafuka a hanya, babban cikinsu zai kawo muku ƙirji. Mai son kuka ya yi shi yanzu, a can ba mu da lokaci."

Da ya ce Wytske ce a baya, Rinskje ta sauke numfashi. Tun asuba take jiran ta ji sunan da zai fito daga bakinsa.

Duk shekarun nan matarsa ce a baya, Beppe Doutsen, kakar Rinskje, da usur a wuya. Ƙa'idarsu ɗaya ce: in an haye rafi, shi ba ya ɗaga ƙafa sai ya ji ta busa sau biyu, alamar kowa ya haye, har da ita. A watan Fabrairu ta faɗi a kicin tana yanka burodi, ba ta ƙara tashi ba. Usur ɗin yanzu yana wuyan Rinskje, a ƙarƙashin riga.

Yau ce fitarsa ta farko da baƙi tun rasuwar. Ƙungiyar jagorori ta turo Wytske, wadda shi ya koya wa aikin, ta riƙe baya, ta kuma duba ko za a sabunta masa izinin jagoranci, tunda ya haura saba'in. Takardar tana cikin jakarta a leda. Baban Rinskje kuwa ya riga ya yanke magana a kan tebur: "Ranar da suka karɓe takardar nan, ranar zan sa gidan a kasuwa in kai shi gidan tsofaffi a birni. Ba zan bar shi shi kaɗai yana kallon ruwa ta taga ba."

Akwai abin da Rinskje ta sani wanda babanta bai sani ba, domin ita ke kwana gidan Pake tun Fabrairu. Kowace safiya kofi biyu yake zubawa. Jiya ya tambaye ta ko Beppe ta wanke safar tafiya. Yakan yi minti ɗaya ko biyu a haka, sai fuskarsa ta sauya, ya tashi ya shige rumfar kaya ya daɗe. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ita dama ba mai son taɓo ba ce, ranar Asabar a laburaren ƙauye take aiki. Ta nemi hutu ne ta biyo shi don ta kasa zama.

Suka gangara. Taku goma taɓo ya kai gwiwa, baƙi, mai wari, mai sanyi. Ihu ya kaure. Mutumin Rotterdam ya zauna daɓas da farin wandonsa.

"Yawwa, yanzu ka zama ɗan gari," in ji Pake, ko waiwaye bai yi ba.

Bayan rabin awa ƙasa ta yi tauri, ta koma yashi mai tudu-tudu kamar haƙarƙari. Mutane suka fara ɗaukar hoto. Pake yana nuna musu hasumiyar cocin ƙauye tana ƙanƙancewa a baya, da tudun kawa da za a zagaye saboda ɓawonta yana yanka kamar reza, da dabbobin ruwan nan da ake kira karnukan teku guda biyar kwance suna shan rana can nesa. Ya ciro wata ciyawa mai gishiri ya ba yaron ya tauna. Yaron ya tofar, kowa ya yi dariya.

Da suka kai rafi na biyu, oba-oban da ke kafaɗarsa ya yi ƙara. Muryar Wytske ce daga baya. "Baba Gurbe, na'urata mai nuna hanya ta ce mu yi hagu. Nan muka bi da muka zo duba hanya a Afrilu."

"Na'urarki ta kwana a waje daren iskar makon jiya?" Ya caka sandarsa a hagu, ta nutse har rabi ba tare da ya danna ba. Ya taka dama taku ashirin, ya sake cakawa, ta tsaya cak. "Rafin ya yi ƙaura. Ki gaya wa na'urar ta zo in koya mata, kyauta."

"To, na ji, tsoho," in ji Wytske tana dariya.

Hankalin Rinskje ya kwanta. Ƙafafunsa ba su manta komai ba. Ƙananan rafukan nan kowa a gabansa yake hayewa, yana ganinsu da ido, bai jira komai ba. Ta fara gaya wa kanta cewa ita ce mai yawan tsoro, littattafai sun cika mata kai.

Kafin su kai Babban Rafi wani farin hazo ya taso daga teku, ba mai kauri ba, amma ya shafe tsibirin da ganuwar duka. Pake ya shiga ruwan da fari, sanda a gaba, jaka a ka. Suka bi shi a layi, kowa riƙe da kayansa sama, ruwa har ƙirji, sanyinsa na ɗauke numfashi. Ya tsaya a tudun yashin da ke ƙetare yana dafa kafaɗar duk wanda ya fito. Matar nan mai yaro ce ta ƙarshe, ta fito tana ɗingishi, ɓawon kawa ya tsaga mata ƙwauri. Wytske ta ja ta gefe, can ƙasa da inda jama'a suka taru, ta buɗe akwatin magani.

Oba-oba ya yi ƙara. "Kowa ya haye, Baba Gurbe. Ku ci gaba, ina ɗaure mata ƙafa, za mu cim muku."

Pake bai motsa ba. Yana tsaye, ya ba tsibirin baya, yana kallon gaɓar da suka baro, inda babu kowa sai hazo.

Rinskje ta matso. "Pake, mu tafi."

"Saura kakarki."

A hankali ya faɗa, kamar mai cewa saura gishiri a miya.

"Wytske ta ce kowa ya haye."

"Wytske yarinya ce. Ban ji usur ba."

Baƙin ba su lura ba. Sun buɗe jakunkuna suna cin burodi da cuku, suna matse riguna. Mutumin Rotterdam yana ba da labarin yadda ruwa ya kusa tafiya da shi, alhali shi ya fi kowa tsawo. Minti biyar. Minti takwas. Rinskje ta dubi kumfar da ke kan rafin. Ɗazu tana gangarawa teku. Yanzu ta tsaya. Tana cikin kallo kumfar ta fara dawowa.

Ko ita da ba jagora ba ta san ma'anar wannan. Akwai sauran rafi ɗaya a gindin tsibirin, shi ke fara cika.

"Pake, ruwa ya juyo."

"Na gani. Na fi ki gani." Bai ɗauke ido daga hazon ba. "Me ya tsayar da ita? Ba ta taɓa daɗewa haka ba. Doutsen!"

Mutum biyu suka waiwayo. Rinskje ta riƙe hannunsa, ta buɗe baki za ta gaya masa Beppe ta rasu, sai ta fasa. Ta ga yadda zai kasance: ya ji rasuwar sabuwa fil, a nan, a tsakiyar teku, ga mutum ashirin da huɗu da ba wanda ya san hanya cikinsu, ga hanyar na'ura ta riga ta tashi daga aiki.

"Maigida jagora," in ji mutumin Rotterdam, "wannan ruwan da ke taɓa mini idon sawu, da ma yana nan?"

"Ka tsaya inda kake," in ji Pake. "Ba na barin mutum a baya. Ban taɓa ba."

Ya fara taku zuwa rafin. Komawa zai yi.

Rinskje ta saki hannunsa. Ta kutsa ta cikin jama'a, ta zagaya can gefe inda hazo ya fi kauri, ta juya musu baya. Yatsunta sun sandare, sai da ta yi fama kafin ta ciro igiyar daga wuyanta. Ƙarfen yana da ɗumin jikinta. Ta busa sau biyu.

Pake ya tsaya, ruwa a gwiwarsa. Ya karkata kai. Ya daɗe a haka, har ta ɗauka bai ji ba. Sannan ya juyo, ya ɗaga sanda sama.

"Ga ta nan. Kullum sai ta sa ni magana. To jama'a, a rufe jakunkuna! Yanzu ba yawo muke ba, tafiya muke!"

Minti goma sha takwas suka ɓata. Rafin ƙarshe da ya kamata ya tsaya a gwiwa ya kai musu ƙirji, yana ja kamar mai hannu. Pake ya warware igiya ya sa kowa ya riƙe, ya ɗora yaron a wuyansa, ya ratsa da su ta wani wuri da shi kaɗai ya san ƙasarsa tana da tauri. Ba wanda ya faɗi. Da suka taka ciyawar tsibirin baƙin suka yi ta shewa suna rungumar juna. A zatonsu haka tafiyar take kullum.

A bayan gidan abincin da aka saba sauka akwai famfo da tiyo na wanke taɓo. Nan Wytske ta sami Rinskje ita kaɗai tana goge ƙafa.

"Na ji busar," in ji Wytske. "Usur ɗin Beppe ne, ko? Sai da na yi ƙwalla. Kin kyauta da kika tuna da ita a wurin." Ta karɓi tiyon. "Kakanki kuwa, ƙafafunsa sun fi na'urata sau goma. Abu ɗaya ne ban gane ba. Na ɗago daga ɗaure ƙafar matar nan na gan ku tsaye har lokacin. Me ya riƙe shi? Ko oba-obansa ne ya sha ruwa?"

Ga ƙaryar an miƙo mata a wanke, sai dai ta karɓa.

"Ina jin ya sha ruwa," in ji Rinskje.

"Na san za a rina, tsofaffin kaya ne. Zan karɓo masa sabo. Bari in sha miya in sa masa hannu a takardar izinin, don Asabar mai zuwa 'yan firamare talatin zai kai."

Rinskje ta zauna a kan dakali bayan Wytske ta shige. Ta yi lissafin abin a ranta. Za ta bar aikin laburare. Za ta bi shi kowace fita, ta tsaya a baya, ta busa. Karatun jami'a da za ta fara a Satumba zai iya jira shekara ɗaya. Busa biyu ne kawai. Mutum zai iya riƙe gida guda da busa biyu.

Pake ya fito da kofi biyu a hannu. Ya sauya riga, ya taje farin gashinsa da ruwa. Ya zauna kusa da ita, bai ba ta kofin ba, ya ajiye shi a ɗaya gefen.

"Farfesa, yau kin yi ƙoƙari. Na ɗauka a rafin farko za mu binne ki da littafinki."

"Na gode, Pake."

Ya kurɓa. Yana kallon inda suka fito. Ruwa ya rufe komai, ko alamar sawu babu, jiragen kamun kifi har sun fara wucewa ta kan hanyarsu.

"Zan gaya miki wani abu, kada ki gaya wa kakarki." Ya rage murya. "Busar nan ta yau ba ta kwanta mini ba. Ita ta biyun takan ja ta, ta yi tsawo, sannan ta datse. Ta yau gajeru ne duka biyun. Na yi shakka, amma na ga ruwa, na tafi." Ya girgiza kai. "Kuskure ne. Jagora ba ya tafiya a kan shakka. Da wani ne ya busa fa, wani yaro yana wasa, ita tana can baya? Ba zan ƙara ba. In ban ji tata sosai ba, ko ruwa zai kai mini wuya, ina nan tsaye."

Rinskje ta yi ƙoƙarin tuno yadda Beppe take busawa. Ta ji ta sau biyu ko uku tana ƙarama. Tsawon nawa? A ina take datsewa? Shi ya ji ta shekara arba'in da huɗu.

"Ina ta shiga ne ma? Kofinta zai huce."

"Bari in duba," in ji Rinskje.

Cikin gidan abincin ya cika da tururin miyar wake da hayaniya. Ana raba wa baƙi 'yar takardar shaidar sun haye teku da ƙafa, kowa yana ɗaga tasa ana hoto. Wytske tana teburin lungu, ta ture kwano gefe, ta fiddo takardar daga leda, biro a hannu.

Rinskje ta cire usur ɗin ta ɗora a kan takardar, daidai inda ake sa hannu.

"Oba-oban lafiyarsa ƙalau," ta ce. Muryarta ba ta fita sosai, sai da Wytske ta matso da kunne. "Beppe yake jira. Ya ce ba ta haye ba. Ya fara komawa cikin rafin neman ta. Ba don tunawa na busa ba."

Wytske ta dube ta, ta dubi usur ɗin.

"Tun yaushe?"

"Tun Fabrairu. Yana zuwa yana tafiya."

"Babanki ya sani?"

"A'a."

"Kin san abin da zai yi in ya sani."

"Na sani."

Wytske ta shafa fuskarta da hannu biyu. "Shi ya fara sa mini sanda a hannu, ina 'yar shekara sha shida," ta ce, ba da Rinskje take ba. Sannan ta mayar wa biron murfinsa.

Daidai nan Pake ya shigo, kofin da ba a sha ba a hannunsa, yana dube-dube. Mutumin Rotterdam ya hango shi ya miƙe, wandonsa ya zama kalar ƙasa.

"Ga shi nan! Jama'a, a tafa wa tsoho! Baɗi da matata zan dawo, kuma ba mai kai ni sai kai!"

Aka ɗauki tafi. Suka ja shi tsakiya, yaron nan ya riƙe masa sanda, ana ta cewa ya yi murmushi. Ya yi. Ya ce wa mutumin, "Baɗi ka zo da baƙin wando, ka rage wa matarka wanki." Ɗakin ya sake fashewa da dariya. Ta saman kawunansu idonsa yana ta zagaye teburan, ɗaya bayan ɗaya.

Akwai ƙofar baya kusa da inda ake ajiye jiƙaƙƙun takalma. Motar da ke kai mutane tashar jirgin ruwa tana tsaye a waje, ba kowa a ciki tukuna. Ba ni da abin da zan ce masa in idonsa ya iso kaina ya tambaye ni ko na same ta. Na ɗauki takalmana a hannu, na ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara, na fita tun ana tafi.